Barka da Ista, da amsar tambayar Auta

Zuwa ga Baba da Mama, da Kawu, da kuma Auta.

Almasihu ya tashi! Ko ban ji da kunnena ba, na san amsar da kuka bayar. Ina fata kun yi biki lafiya. Mama, yaya ƙafar? Ni ina nan ƙalau, sai dai kewa, ita kuwa ranar biki ta fi ciwo.

Dawowata daga sujada ke nan, ko takalmi ban cire ba na zauna rubutu. Yau an yi wa mutum 4 baftisma. A nan sanyi ba ya bari a je rafi, saboda haka akwai wani kwarmi a gaban mumbari, kullum a rufe da katako, muna taka shi ba mu ma tuna da shi. Na ƙarshen waɗanda aka yi wa wani tsoho ne da ya haura shekara 70. Ya miƙa wa jikarsa sanda da tabarau, ya sauka a hankali yana riƙe da ƙarfe. Fasto ya tallafe masa ƙeya, ya ambaci sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya kwantar da shi ta baya har ruwa ya rufe fuskarsa. Majami'a ta yi tsit. Bai fi daƙiƙa biyu ba, amma sai da gabana ya faɗi. Da ya ɗago yana haki, yana lalubar hannun Fasto, sai na tuna da saƙon muryarki, Auta.

Kin ce a ranar Fentikos, bikin saukowar Ruhu Mai Tsarki, za a yi miki baftisma, nan da mako 7, kuma kin tambaye ni, tun da kin riga kin tuba kin ba da gaskiya, mene ne kuma amfanin ruwan?

Ban amsa da wuri ba don kunya nake ji. Lokacin da aka yi mini tawa, abin da ke raina shi ne in karɓi kati, in fara cin Jibin Ubangiji tare da manya. Na haddace amsoshin ajin baftisma tsaf, amma a zuciyata na ɗauka wanka ne, a shiga da datti a fito fes. Bitrus ya riga ya rufe wannan ƙofar a wasiƙarsa ta farko, sura 3, inda ya ce ba wanke dauɗar jiki ba ne, al'amari ne na lamiri a gaban Allah. Ya kwatanta shi da jirgin Nuhu, wanda mutum 8 kawai suka tsira a cikinsa. Ruwan da ya hallaka duniya shi ne ya ɗaga jirgin.

Kabari ne, Auta. Haka Bulus ya faɗa a Romawa sura 6: an binne mu tare da Almasihu ta wurin baftisma, domin kamar yadda aka tashe shi daga matattu, mu ma mu yi tafiya cikin sabon rai. Kalmar kanta daga Girkanci take, ma'anarta tsomawa ko nutsarwa. Kin san ba wanda yake binne kansa. Sai wani ya riƙe ka, sai an taru an shaida. Abin da ya faru a ɓoye tsakaninki da Ubangiji, ranar nan za a fito da shi fili, ikkilisiya ta ga an sa tsohon mutum a ƙasa, ta karɓi sabon. Shi ya sa tun da can ake haɗa baftisma da wannan biki. Wajen shekara ta 200, Tartuliyan, wani malamin Kirista na birnin Kartaj a Arewacin Afirka, ya rubuta cewa Ista ce ranar da ta fi dacewa, sai kuma lokacin Fentikos. Kin ga taki ta faɗo daidai. A Fentikos ta farko ma, bayan wa'azin Bitrus, wajen mutum 3,000 aka yi wa.

Kada kuma ki ɗauka ruwan laya ne. Siman mai sihiri na Samariya an yi masa baftisma, bai daɗe ba ya kawo kuɗi zai sayi ikon Ruhu, Bitrus ya ce masa zuciyarsa ba daidai take ba. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu ko ɗigon ruwa bai samu ba, aka yi masa alkawarin Firdausi. Duk da haka Yesu da kansa, wanda ba shi da zunubin da zai tuba a kai, ya shiga layi a Kogin Urdun. Yohanna Mai Baftisma ya so ya hana shi, ya ƙi hanuwa. Bayan tashinsa kuma ya umarci almajirai su yi wa dukan al'ummai. Idan shi bai raina ruwan ba, ni wane ne?

Baba, Mama, akwai abin da ban taɓa gaya muku ba. Da na zo ƙasar nan, na yi kusan shekara 2 ban taka ƙofar majami'a ba. Aikin dare, gajiya, kuma ba idon da ya san ni. Idan kun tambaya a waya sai in ce muna nan muna ƙoƙari. Ku yafe mini. Da na dawo hayyacina, na je wurin Fasto na ce a sake yi mini baftisma, ta farkon ta lalace. Ya yi dariya, ya ce ba a binne mutum sau biyu, in koma in tsaya a kan wadda aka yi mini, ni ne na motsa, alkawarin yana nan inda yake. Ya buɗe mini Afisawa sura 4: Ubangiji ɗaya, bangaskiya ɗaya, baftisma ɗaya. Na fita ina jin haushi, don na so a yi mini wani abu da ido zai gani. Sai daga baya maganar ta zauna mini.

Kawu, na san za ku zo, kuma na san gardamar da za ta tashi tsakaninku da Baba kafin a watse. Ku an yayyafa muku kuna jariri, Baba kuwa sai da ya girma aka nutsar da shi. Ikkilisiyoyi sun bambanta a kan wannan da gaske, har da ko baftisma alama ce kawai ko Allah yana aiki ta cikinta, ba zan ce ƙaramar magana ba ce. Amma akwai wani tsohon rubutu na Kiristocin farko, Didake, da ya ce a yi a ruwa mai gudu, in babu a yi a wani, in ba mai sanyi a yi da mai ɗumi, in duk babu a zuba sau 3 a ka. A birnin Zurik na ƙasar Switzerland kuwa, a 1527, hukuma ta nutsar da Felis Manz a kogi har ya mutu, saboda ya nace cewa sai wanda ya ba da gaskiya da bakinsa za a yi wa. Kiristoci ne suka yi wa Kirista haka, a kan ruwa. Don Allah ranar Auta ce, a ajiye gardamar zuwa washegari.

Auta, kada ki ji tsoro. Ki saki jikinki, kada ki ƙanƙame hannun Fasto, masu ƙanƙamewa su ne suke shan ruwa. Mama, a tafi da tawul biyu. Wanda zai ɗauki bidiyo kuma ya matso kusa ya riƙe wayar da kyau, ina so in ga fuskarta lokacin da ta ɗago.

Ku gaida kowa da kowa.

Ɗanku.