Wasiƙa ga 'yata kan gano zafin tekun dā daga ɓawon dayatom

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, saƙonki ya iso. Na ga an ba ki lakar da aka haƙo daga gindin Tekun Kudu, wanda ya kewaye Antaktika, ki fitar da zafin saman ruwa na zamanin dā. A can kudu ɓawon alli irin na foraminifera, wasu ƙananan halittun teku, ba ya wanzuwa sosai cikin laka. Shi ya sa ake dogara da dayatom, ƙananan tsirran ruwa masu ƙwayar halitta ɗaya, da ke gina ɓawonsu da silika, ɓari biyu kamar akwati da murfinsa.

Ki fara da wanki. Ki auna busasshiyar laka, rabin giram ya wadatar, ki zuba haidirojin feroksaid ya cinye ruɓaɓɓun abubuwa, sannan asid ɗin haidirokulorik mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 ya narkar da alli. Ki yi ta ɗauraya da tataccen ruwa har asid ya fita. Kada ki wahalar da ita a injin juyi, siraran ɓawo farfashewa suke yi, kuma su ne abin nema. Ki bar ƙwayoyin su kwanta da kansu a kan siririn gilashi a cikin ruwa, don in ɗigawa kika yi ya bushe ba za su bazu daidai ba. Ki manne da ƙaron nan Naphrax, shi ke fito da ramukan ɓawon sarai.

A madubin ganin ƙananan halittu ki ƙara girma sau 1000, da ɗigon mai, ki ƙirga aƙalla ɓari 300 a kowane samfuri. Abin da ya wuce rabin ɓari shi ne ɗaya, guntaye ki ƙyale su. Dogaye irin su Thalassiothrix kusan kullum a karye suke, sai ki ƙirga bakin biyu a matsayin ɗaya. Dokar da kika ɗauka ranar farko, da ita za ki ƙare.

Ki san mutanenki. Fragilariopsis kerguelensis ta buɗaɗɗen ruwan sanyi ce, ita ta fi yawa. Fragilariopsis curta da cylindrus 'yan ƙanƙara ne, in jimlarsu ta haura kashi 3 cikin 100 ana ɗauka ƙanƙarar hunturu ta taɓa rufe wurin. Azpeitia tabularis kuwa ruwa mai ɗan ɗumi take so.

Lissafin ba shi da wuyar fahimta. Ana tattara lakar saman gindin teku daga ɗaruruwan wurare da aka san zafinsu na yau, a kwatanta jinsunan dayatom da ke ciki da na lakarki. Hanyar Imbrie da Kipp ta 1971 tana rarraba jinsuna rukuni-rukuni ta fitar da ma'auni. Ɗayar hanyar tana nemo samfuran yau da suka fi kama da naki, ta ɗauki matsakaicin zafinsu. Kuskuren kan kai wajen digiri 1, saboda haka bambancin rabin digiri ba labari ba ne. Kuma zafin bazarar kudu kike aunawa, Janairu zuwa Maris, lokacin da dayatom ke bunƙasa, ba na shekara duka ba.

Inda na fi jiye miki shi ne narkewa. Ruwan teku na cin silika, kaɗan ne daga ɓawon ke isa ƙasa. Sirara irin su cylindrus su ke fara ɓacewa, kerguelensis mai kauri ta saura, sai kwamfuta ta ba ki ɗumin da ba a yi ba. Ita ba ta ganin gilashinki, lamba kawai take karɓa. Don haka kowane samfuri ki rubuta yanayinsa: ramuka sun faɗaɗa ne, gefuna sun zaizaye, ko lafiya lau yake.

Igiyar ruwan ƙasa kan kwaso ɓawo daga nesa, tsutsotsi kuma kan cakuɗa santimita 10 na sama. Lakar sama ma ba lallai ta yau ba ce, sai an gwada shekarunta da kabon-14. In kin kai zamanin ƙanƙara na ƙarshe, wajen shekara 21,000 da suka wuce, ko kin yi ƙasa inda jinsunan da suka ƙare ke bayyana, ki duba nisan bambancin da ke tsakanin samfurinki da mafi kama da shi a yau. In ya yi nisa, ki sa masa alama a jadawali, kada ki haɗa shi cikin matsakaici.

Ki turo mini hoton gilashin farko kafin ki fara ƙirga. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki