Barka da Sallah daga garin Kitimat na ƙasar Kanada

Assalamu alaikum Baba, Inna, Yaya da duk mutan gida, barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu ya maimaita mana. Da fatan kuɗin rago sun iso kan lokaci. Inna a soya min rabona a ba su Auta, amma a ce musu bashi ne.

Mu nan lafiya lau. Mun yi Idi mu 'yan kaɗan, rana kuma sai wajen ƙarfe 10 na dare take faɗuwa, Isha sai mutum ya fara gyangyaɗi. Bayan Idi wani abokin aikina ya ce ba zai bar ni in yi zaman ɗaki ranar bikina ba, ya ɗauke ni a mota zuwa ƙauyensu Kitamaat, kamar kilomita 11 daga gari, a bakin ruwan teku da ya shigo tsakanin duwatsu.

Baba kullum kuna cewa ina ƙasar Turawa, to wallahi Turawan ma baƙi ne, sun tarar da mutane. Waɗannan Haisla ake ce musu, suna da yarensu da sarautarsu, kuma ta wajen uwa suke jan dangi, ɗa gidan uwarsa yake bi, akwai gidan mikiya, gidan hankaka, gidan kifi. Na ce a raina da a garinmu ne da kawunnai sun ji daɗi.

Gwaggon abokin nawa ce ta karɓe mu, tsohuwa mai barkwanci, da ta ji ba na cin alade sai ta yi dariya ta ce a kwantar da hankali nan gidan kifi ne. Ta kawo busasshen kifi da wani mai da suke ji da shi sosai, na wani ɗan ƙaramin kifi ulikan da ke shigowa kogi ƙarshen sanyi, a tara shi a bar shi ya yi kwanaki har ya ruɓa sannan a dafa a kwashe man da ya taso sama. Warin kam sai wanda ya saba, kamar daddawa ce a hancin baƙo, amma da na dangwala kifin sai ga ni ina ƙari. Ta ce da can har bayan duwatsu ake fataucinsa, sai daga baya ruwan dattin kamfanin takarda ya ɓata kifin kogin Kitimat, dole suka koma nema nesa.

Abin da ya fi tsaya min a rai labarin wani dogon itace ne da aka sassaƙa, ba gunkin bauta ba ne Inna kar ki tayar da hankali, tarihi suke ajiyewa a jiki. Wani sarkinsu G'psgolox ya sa aka yi shi a 1872 bayan agana ta kashe masa 'ya'ya, a 1929 aka sare shi aka kai gidan tarihi a Suwidin, mutanen nan suka yi ta bibiya ba gajiya har aka dawo musu da shi a 2006. Shekara 77 fa. Kuma gwamnatin Kanada ta haramta musu babban taronsu na rabon kyauta daga 1885 har 1951, ana kwashe yara a kai makarantun kwana a hana su yarensu, shi ya sa yanzu masu jin yaren sosai tsofaffi ne, yara sai koya musu ake a aji.

Amma fa ba a zaune suke ba, a aikin gas na Cedar LNG da ake ginawa nan su ne da kaso mafi yawa.

Yaya don Allah a turo min hotunan hawa, kuma a faɗa wa Kawu maganarsa tana nan, sai ƙarshen wata in sha Allah. A gaida Kaka sosai, zan kira Juma'a da safenku.

Naku,
Sani