A faɗa wa mara lafiya tun kafin allurar farko

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili in sa baki a kan shirin lafiya da kuka watsa makon jiya, wanda aka yi a kan daskarar da ƙwan haihuwar mace a ajiye shi sai gaba. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa na saurare shi tun daga farko. Likitar da kuka gayyato ta yi ƙoƙari, amma da aka buɗe layin waya sai zance ya sauka daga kan hanya. Wani ya ce wannan aikin Turawa ne da matan da suka fi son ofis a kan ɗakin aure. Wata ta tambaya ko a firji ake sakawa kamar kifi, aka yi dariya, lokaci ya ƙare. Na yi ta neman layi bai shiga ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Autar ɗakinmu tana da shekara 26, wata takwas da tarewa, ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu. Gwaji ya nuna sankara ce. Aka yi mata aiki, aka ɗora ta a kan kemo, wato maganin sankara da ake ɗaurawa ta jijiya, zagaye shida, duk bayan mako uku. Ni ce mai jinya. Na san bencin da muke zama tun bayan asuba don mu sami lamba, na san lemun tsamin da take riƙewa a hanci saboda tashin zuciya. Ranar da ta tashi ta ga gashinta a kan matashin kai, tattarawa ta yi ta ƙulle a leda ta ce, "Yaya, kar ki bari Inna ta gani." Wannan duk an gaya mana tun ba a fara ba: gashi zai zube, za a yi amai, farce zai yi baƙi, jini zai yi ƙasa. Takardar amincewa da Turanci take, mijinta ya sa hannu a tsaye. A zagaye na uku al'adarta ta ɗauke, aka ce kada mu damu. Allah ya ba ta lafiya, mun gode masa, mun kuma gode wa likitocin da suka tsaya a kanta.

Bayan shekara uku al'adar ba ta daidaita ba, sai jefi-jefi. Muka je wajen likitan mata, ya auna jini, ya yi hoton ciki, ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce ƙwayayen sun kusa ƙarewa, sannan ya ƙara da cewa da an ɗebi wasu an ajiye kafin a fara maganin, da yanzu akwai abin da za a gwada. A cikin adaidaita muna komawa gida ba ta ce uffan ba sai da muka kusa kwanarmu. "Yaya, ashe akwai abin da ake yi? To me ya hana su faɗa?" Har yau ban ba ta amsa ba.

Daga ranar na shiga karatun abin kamar mai shirin jarrabawa. Namiji jikinsa na ƙera maniyyi kullum har tsufa. Mace kuwa da guzurinta take zuwa duniya: ƙwai miliyan 1 zuwa 2 ranar haihuwa, kafin ta balaga sun ragu zuwa wajen 300,000 ko 400,000, kuma jiki ba ya yin sabo. Wasu magungunan kemo, irin saikulofosfamaid da na kwafo sunansa daga jikin ledar ruwan da ake ɗaura mata, suna ƙone wannan guzuri. Mata da yawa, musamman masu ƙuruciya, al'adarsu tana dawowa har su haihu. Wasu ba ta dawowa, kuma ba wanda zai rantse miki tun farko a wane layi za ki faɗa.

Aikin ɗibar ba dogo ba ne. Ana yi wa mace allurai na kwana 10 zuwa 14 don ƙwai da yawa su nuna a lokaci guda, ana bibiya da hoton ciki, sannan a sa ta barci na ɗan lokaci a zuƙo su da siririyar allura, abin da bai kai rabin awa ba. Sai a daskarar da su farat ɗaya a cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Yanzu ma ba sai an jira farkon al'ada ake farawa ba, don haka mako biyu ya isa. Akwai wadda ciwonta ba zai jira mako biyun ba, wannan likitanta ne zai yanke. Mu kuwa tsakanin aiki da kemon farko sai da muka yi fiye da wata muna haɗa kuɗi.

Ba sabon abu ba ne. A 1986 aka fara haihuwa da ƙwan da aka daskarar, a Ostireliya, kuma tun 2012 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta daina lissafa shi a cikin abin da ake gwaji. A nan gida, tun 1998 Dakta Ibrahim Wada ya karɓi haihuwar jaririyar da aka samu ta hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a waje a Abuja, kuma yau akwai cibiyoyin da ke ajiyar ƙwai a Abuja da Legas. Shi kuma mai cewa aikin masu gudun aure ne, wata malamar Jami'ar Yale, Marcia Inhorn, ta zauna da mata 150 da suka yi, ta tarar mafi yawansu mijin ne ba su samu ba. Ko a unguwarmu sai in ƙirga masa 'yan mata masu kamun kai da suka haura 33 suna gida, ba don sun ƙi kowa ba.

Na san tambayar da ke bakin kowa ita ce ta addini, don ita Inna ta fara yi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a waje a mayar cikin mahaifarta idan akwai buƙata. A 2019 Darul Ifta, hukumar fatawa ta Masar, ta yi magana a kan daskararwar kanta, ta ce ya halatta da sharuɗɗa: a haɗa shi da maniyyin miji alhali igiyar aure tana nan, a tsare shi yadda ba zai cakuɗa da na wata ba, kada a dasa shi a mahaifar wata mace, kuma kada ya cutar da abin da za a haifa.

A wannan sharaɗi na igiyar aure akwai abin da nake so matanmu su kula da shi. Matar aure za a iya ce mata a haɗa da na mijin tukuna sannan a daskarar. To idan ya sake ta fa, ko ya rasu? Abin da aka haɗa ya haramta gare ta, ga shi a ajiye, ga ta tana kallo. Ƙwan da ba a haɗa ba kuwa nata ne, duk inda rabo ya kai ta da shi za ta tafi. Mun san yadda saki yake a garuruwanmu, mun kuma san sau nawa doguwar jinya take cin aure. Wannan magana ce da ya kamata a yi da matar ita kaɗai, ba a gaban dangin miji ba. Ita ma budurwa akwai tata tambayar, tunda ta gaba ake bi wajen ɗiba, kuma iyaye za su ja baya. Akwai inda ake bi ta fatar ciki. Likita ya faɗa da bakinsa, kada kunya ta sa a bar wa mutane zato.

Kada a ɗauka talla nake yi. Ina jin haushin masu sayar da abin kamar an sa kuɗi a asusu, ranar da aka so a fasa. Ba duk ƙwan da aka narkar ke rayuwa ba, ba duk wanda ya rayu ke haɗuwa ba, ba duk wanda aka dasa ke kamawa ba. Shi ya sa likitoci ke son a tara 15 zuwa 20, kuma wadda ta ajiye tana ƙasa da 35 ta fi wadda ta jira 40 rabo nesa ba kusa ba. Alluran kan kumbura wa wasu ciki har a kwantar da su. Kuɗin miliyoyin naira ne, ga na ajiya duk shekara, ga na dashe idan lokaci ya yi. Mai tambayar firji ma tana da gaskiyarta: tukunyar da ake ajiye ƙwan a ciki ba ta aiki da wutar NEPA, amma ruwan naitirojin ɗin yana ƙafewa, sai an riƙa ƙarawa. A 2018 a birnin Kilibland na Amurka tukunya ɗaya ta yi ɗumi, ƙwai da 'yan tayi sama da 4,000 suka lalace. In haka ta faru a can, wadda za ta ajiye a nan ta tambayi wa ke duba tukunyar da dare, da wa zai amsa idan aka wayi gari an rufe cibiyar.

Wataƙila da an faɗa mana ma ba za mu iya ba, don filin Inna muka sayar muka biya kemo. Amma da mun zauna mun yi lissafi, da Auta ta ce a sayar da zinarenta ko ta ce a bari ta haƙura. Ita ke da wannan zaɓi, aka yi shi a madadinta da shiru. Na san likita ɗaya ne da marasa lafiya cike da baranda, ransu yake ƙoƙarin cetowa. Jimla biyu nake roƙo, da Hausa, kafin a ɗaura ledar farko: maganin nan zai iya taɓa haihuwarki, kuma akwai inda ake ajiya idan kina so ki bincika.

Masu sikila ma abin ya shafe su, su da muke da su kusan kowane dangi. Maganin da ake bayarwa kafin dashen ɓargo yana kashe ƙwai, ga shi iyaye na tara kuɗi suna kai yara Indiya. Yarinyar da ba ta balaga ba ba a ɗibar ƙwanta, sai dai a yanki wani ɓangare na ma'ajiyar ƙwan a daskarar. A Beljiyam an yi wa wata 'yar asalin Kwango mai sikila haka tana da shekara 13, aka mayar mata da shi bayan ta girma, ta haifi ɗa namiji a 2014.

Don Allah, Edita, ku maimaita shirin, ku haɗa likitan sankara da likitan mata da malamin fiƙihu a zama ɗaya, ku kuma ba da lokacin waya mai yawa. Ku sanar da ranar da wuri. Mijin Auta mutumin kirki ne, bai gaza mata ba, amma bayan Babbar Sallah zai ƙara aure, kuma ita ce ta karɓi kuɗin lefen ta ce za ta haɗa da kanta. Jiya muna Kasuwar Sabon Gari tana zaɓen atamfa na ba ta labarin shirin, ta ce in an sake in kira ta, tana da tambayar da za ta yi.

Wassalam,
Wata malamar firamare,
Tudun Wada, Zariya.