Wasiƙa zuwa Kumasi: a yi wa Boney M adalci

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran mutanenmu na Zango, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso, kuma na karanta hukuncin da ka yanke wa Boney M, ƙungiyar mawaƙan disko ɗin nan. Ka ce tun da ka ji cewa ba Bobby Farrell ne mai muryar namijin da ke cikin fayafayansu ba, ka ɗauke su 'yan damfara, har kana jin haushin kuɗin da muka riƙa kashewa wajen sayen kaset ɗinsu muna samari. Labarin da ka ji gaskiya ne, amma hukuncin ya yi tsauri, domin ka auna su da abin da ya faru a ɗakin ɗaukar sauti kaɗai, ka bar abin da suka yi a kan dandamali, alhali a can ne suka ci sunansu.

Asalin ƙungiyar mutum ɗaya ne, wani Bajamushe mai suna Frank Farian, mawaƙin da ya koma shirya wa wasu waƙa. A 1975 ya fitar da waƙar "Baby Do You Wanna Bump", wadda shi kaɗai ya rera, ya yi muryar ƙasa mai kauri, ya kuma siranta murya ya yi wa kansa amshi, sannan ya liƙa wa faifan sunan Boney M, wanda ya samo daga wani wasan talabijin na Ostareliya. Da waƙar ta karɓu a Holan da Beljiyam, sai gidajen talabijin suka nemi ganin masu ita, shi kuwa ba shi da kowa. Dole ta sa ya shiga neman mutane, aka yi ta sauye-sauye, har a 1976 aka tsaya a kan mutum huɗu, dukkansu 'yan asalin tsibiran Karibiyan: Liz Mitchell da Marcia Barrett daga Jamaika, Maizie Williams daga Montserrat, sai Bobby Farrell daga Aruba, wanda a lokacin yake aikin sa wa mutane faifai a gidajen rawa na Jamus.

A cikin waɗannan huɗun, biyu ne ake jin muryarsu a faifai, wato Liz da Marcia. Liz ce ta ja waƙa a "Sunny" da "Rivers of Babylon", Marcia kuma a "Belfast". Muryar namiji ta Farian ce, ita kuwa Maizie ba a yi amfani da tata ba. Saboda haka ko a faifan ma, muryar da ta fi ratsa mu ta mai ita ce, kuma ita ɗin ce dai muke gani a jikin kwalin kaset.

Abin da nake so ka duba da kyau shi ne yadda "Daddy Cool" ta tashi. Waƙar ta fito a 1976 ba tare da ta yi wani tasiri ba, huɗun suna ta zagayen ƙananan gidajen rawa, har a watan Satumba aka gayyace su shirin Musikladen na gidan talabijin ɗin Bremen. Bayan wannan fitowa ce waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Jamus. Sautin bai canza ba, faifan nan ne dai da ke kasuwa tun da farko. Abin da ya ƙaru shi ne mutane sun ga Farrell. Ka tuna yadda yake: ƙirji a buɗe, suma ta yi tozo, wando ya kama jiki, matan uku suna tsaye a jere suna rausaya a hankali cikin shiga ta ƙasaita, shi kuwa yana juyi, ya zube ƙasa, ya miƙe zumbur, ya fizgi sandar makirfo, gumi na tsiyaya. A ganina matsayinsa bai rasa kama da na sanƙira a tawagar makaɗanmu ba, wanda ba shi ne ke rera waƙar ba, amma idan aka cire shi fili ya yi sanyi, masu kari kuma su mayar da hannu aljihu.

Akwai kuma bambanci tsakanin talabijin da rangadi, wanda mutane da yawa suke haɗe su. A talabijin ɗin Turai na wancan zamani, sa faifai mawaƙi yana motsa baki, abin da yaran yanzu suke ce wa mamin, al'ada ce da manyan mawaƙa da yawa suka bi, ba Boney M kaɗai ba. Amma da suka fara babban rangadi a 1977, sun fita ne da makaɗa na gaske, tawagar da aka sa wa suna Black Beautiful Circus, kuma dukkan huɗun suna rera waƙa da bakinsu. Idan ka saurari abin da aka ɗauka na irin waɗannan wasanni, za ka ji muryar Farrell ta fi ta faifai kaushi, wani lokaci numfashi yana yanke masa saboda rawa, za ka kuma ji Liz tana riƙe waƙar ba gargada. Ni wannan kaushin ya fi burge ni, domin na san mutum ne yake aiki a gabana.

Shekarar 1978 ce ƙololuwarsu. Faifan da ya haɗa "Rivers of Babylon" da "Brown Girl in the Ring" ya shiga sahun waɗanda aka fi saya a tarihin Birtaniya, "Mary's Boy Child" kuma ta zo ta ɗaya a can lokacin Kirsimeti. A watan Disamba na wannan shekara suka je Mosko, a zamanin mulkin Brezhnev, lokacin da ba kasafai Tarayyar Sobiyet take buɗe wa mawaƙan Yamma ƙofa ba, suka yi wasanni goma a zauren Rossiya, aka kuma ɗauki hotonsu a Jan Dandali cikin dusar ƙanƙara. Sharaɗin da aka gindaya musu shi ne kada su rera "Rasputin", waƙar da ta taɓo tarihin gidan sarautar Rasha. A 1979, a bikin Sopot na ƙasar Polan, sun rera ta duk da an nemi kada su yi, sai gidan talabijin ya yanke ta kafin ya nuna wasan.

In dai laifi kake nema, ka nufi Farian. Shi ne ya riƙe suna da kuɗi da ikon zaɓar wanda zai buɗe baki a situdiyo, kuma ya ci moriyar waƙoƙin wasu: "Rivers of Babylon" ta ƙungiyar Melodians ce ta Jamaika tun 1970, karin "Ma Baker" kuwa daga "Sidi Mansour" ta Tunisiya aka ɗauko shi. Saɓani tsakaninsa da Farrell ya kai ga rabuwa a 1981, kuma wanda aka kawo a madadinsa a 1982 ɗan garinku ne, Reggie Tsiboe, haifaffen Kumasi, mawaƙi na sosai wanda ya ja "Kalimba de Luna" a 1984. Abin mamaki, da suka sami namijin da yake waƙa da muryarsa a faifai sai kasuwarsu ta ƙara ja baya. Gaskiya ne zamanin disko ya riga ya fara shuɗewa, amma mayar da Farrell da aka yi a 1984 ya nuna cewa shi kansa Farian ya san abin da 'yan kallo suka rasa. Ƙungiyar ta watse a 1986, daga nan kowa ya kafa tasa tawagar, ana ta jayayya a kan sunan har gaban kotu.

Na san za ka kawo mini maganar ƙungiyar samari biyun nan, Milli Vanilli, tun da Farian ne dai ya shirya su, aka kuma ƙwace musu kyautar Grammy a 1990. Amma waɗancan samarin biyu ba su rera komai a faifansu ba, kuma a gaban jama'a ma faifai ake sa musu, don haka bai kamata a yi musu kuɗin goro da mutanen da suka shafe shekara goma suna hawa dandamali da makaɗa ba. Farrell bai bar wannan sana'a ba har ƙarshen ransa, domin ya mutu ne a ɗakinsa na otal a birnin St Petersburg ranar 30 ga Disamba, 2010, yana da shekara 61, bayan ya yi wasa a daren da ya gabata. Farian kuma ya mutu a Miami a watan Janairun 2024.

Ina roƙonka ka sa yara su nemo maka wasanninsu na rangadi na 1978 da 1979 a YouTube, ba na shirye-shiryen talabijin ba, ka saurara da kyau, sannan ka rubuto mini ko har yanzu kana kan bakanka. Idan kuma akwai dattawan Kumasi da suka san Tsiboe kafin ya tafi Turai, zan so in ji abin da suke faɗa game da shi.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara. Allah ya sada mu da alheri, amin.

Naka,
Amininka na Kano