Ramin da zai huda duniya ba Amurka zai ɓulla ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na saurari filinku na amsa tambayoyi, inda wani ya tambaya ko mutum zai ɓulla Amurka idan aka haƙa rami daga nan har ya huda duniya. Aka ce masa zai faɗa tsakiya ne ya maƙale. A ganina an gajarta masa, kuma an bar mafi daɗin zancen.

Batun Amurka dai babu shi. Wanda ya huda daga Jos ta tsakiyar duniya, cikin tekun Fasifik zai ɓulla, kusa da tsibiran Tokelau, arewa da Samowa. Sai ya tanadi kwalekwale.

Tsawon ramin zai kai kilomita 12,742. Mu ƙaddara an zuƙe iskar cikinsa kaf, kuma mutum ba ya gogar bango. Da ya saki ƙafa ƙasa za ta ja shi, gudunsa ya yi ta ƙaruwa. A tsakiya jan ya ƙare, domin ƙasa ta kewaye shi daidai ta kowane gefe. To amma rashin ja ba birki ba ne. A lokacin yana gudun kusan kilomita 8 a daƙiƙa guda, me zai tsayar da shi? Wucewa zai yi. Daga nan ƙasar ta koma jan sa baya, gudun ya riƙa raguwa, sai ya ƙare cak a bakin ramin can ɗaya gefen. In bai yi wuf ya kama baki ba, ya sake komowa, ya yi ta kai da kawowa kamar yaro a kan lilo. Maƙalewar da aka faɗa sai in da iska a ramin, ita ce za ta cinye gudun sannu a hankali.

Tafiyar minti 42 ce, idan aka ɗauka nauyin ƙasa ɗaya ne daga sama har ciki. Da yake cikinta ya fi nauyi, ƙarfe ne galibi, wani masanin fiziks mai suna Alexander Klotz ya sake lissafin a 2015 ya samu minti 38. Zancen ma tsoho ne, tun 1679 masana kimiyya na Ingila, Robert Hooke da Isaac Newton, suke musayar wasiƙu a kan yadda abu zai faɗa cikin ƙasa.

Ga abin da na fi so a gaya wa masu sauraro. Ba dole sai ramin ya bi ta tsakiya ba. Miƙaƙƙen rami tsakanin kowane gari biyu masu tudu ɗaya, in aka shimfiɗa masa layin dogo marar gogayya, minti 42 ɗin ne dai, ko Legas zuwa Kalaba, ko Legas zuwa Jidda. Gajeren rami gangararsa kaɗan ce, tarago zai tafi a sanyaye. Dogon rami kuwa ya fi gangara, gudun taragon ya fi. Ba fetur, ba dizal.

Sai dai mu 'yan Jos lissafin ya ɗan saɓa mana. Muna kan tudun kusan mita 1,200, Abuja kuwa ba ta kai rabin haka ba. Taragon da aka saki daga nan zai faso Abuja da ragowar gudu fiye da kilomita 400 a awa, Allah ya kiyaye na bakin rami. Wanda aka saki daga Abuja kuma ba zai iso ba, a hanya ƙarfinsa zai ƙare ya juya.

Haƙawar ce ba ta yiwuwa. Mu da muke ganin ramukan kuza muna cewa sun yi zurfi, rijiyar Kola ta Rasha da aka fara a 1970 ta kai mita 12,262, zafi a ƙasanta ya kai digiri 180 a ma'aunin Salshiyos, alhali ko kashi ɗaya cikin dubu na hanyar ba a ci ba. Can tsakiya zafin ya haura digiri 5,000. Ga juyawar duniya, wadda za ta riƙa manna mai faɗawa da bango, sai fa in ramin daga ƙuryar arewa zuwa ta kudu aka haƙa shi.

Ina roƙon a sake waiwayar tambayar, a gayyato malamin fiziks daga Jami'ar Jos ya warware ta a tsanake.

Naku mai sauraro,
daga Unguwar Rogo, Jos