A Sanar Da Mu Inda Masu Son Barin Giya Za Su Haɗu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatan wannan tasha, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan mutumin da giya ta kama, ya kuma ƙudiri niyyar barinta, amma bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Wa'azi a kan illar giya ba ya yankewa a masallatai da majami'u, kuma haka ya kamata. Sai dai wanda ya shekara da shekaru yana sha, har ta kai hannunsa na rawa da safe ba ya iya riƙe kofin shayi sai ya kurɓi giyar leda, ya riga ya san hukuncin abin da yake yi. Abin da ya rasa shi ne wanda zai kira da la'asar sakaliya, lokacin da jarabar ta motsa kuma tsoffin abokan sha suka fara buga masa waya.

Irin wannan mutum bai kamata ya yanke sha lokaci guda shi kaɗai a ɗaki ba, domin cikin kwana 2 zuwa 3 yana iya kamuwa da jijjiga, ruɗewa da gane-gane, abin da kan kai ga rasa rai. Matakin farko na likita ne, kuma muna da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma na Dawanau a Kano. To amma asibiti sallama yake yi, mutum ya koma unguwar da ya baro, da majalisar da ya saba zama, da bashin da ke jiransa, kuma a nan ne da yawa suke komawa ruwa.

Wannan giɓi ne ya haifar da ƙungiyar Alcoholics Anonymous, ta mashaya masu taimakon juna su daina sha, a birnin Akron na jihar Ohio a Amurka a 1935, lokacin da Bill Wilson, wani mai harkar hannun jari, da Bob Smith, likitan tiyata, suka lura cewa tattaunawa da ɗan'uwa mashayi tana taimaka musu su kame. Tsarin zaman nasu ba shi da wahala. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a tambayar cikakken suna, sharaɗi ɗaya ne kawai, wato mutum ya kasance yana son daina sha. Kowa yana faɗin halin da yake ciki ba tare da an katse shi ba, kuma abin da aka ji a ɗakin a ɗakin yake tsayawa. Sabon shiga yakan zaɓi wanda ya daɗe da dainawa ya zama majinginarsa, ana kuma koya masa ya ɗauki alkawarin wuni guda kawai, gobe kuma ya sabunta. A 1951 aka kafa Al-Anon domin iyalan mashaya, sannan a 1989 wasu Musulmi a birnin Baltimore suka kafa Millati Islami, suka ɗora irin wannan tsari a kan Alƙur'ani da Sunna. Na kawo wannan ne saboda masu ganin abin na Nasara ne kaɗai.

Matsalar ita ce Bahaushen da ya shiga intanet neman irin wannan zama, akasarin abin da zai tarar da Turanci ne, tarukan bidiyo kuma suna cin data. Ga kunya, ga tsoron hukunci a jihohin da ke aiki da shari'a tun 2000, don haka ba zai tambayi maƙwabci ba, balle mai unguwa. Mace kuwa abin ya fi yi mata tsanani, domin ko mijinta ba lalle ta iya faɗa wa ba.

Saboda haka ina roƙon tashar nan ta tura wakilanta sassan kula da masu shaye-shaye na waɗannan asibitoci da ofisoshin ba da shawara na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, su tambayo inda ake irin wannan zama, da rana da lokaci, a riƙa sanarwa da Hausa kowane mako kamar yadda ake sanar da rigakafi. Inda babu, a gayyato waɗanda suka daina, a sauya muryarsu, su bayyana yadda mutum uku ko huɗu za su fara. Makarantar Islamiyya ko aji guda na firamare bayan tashi ya wadatar a matsayin wurin zaman, matuƙar an ware wa mata nasu zaman, kuma hukumomi sun ba da tabbacin cewa ba za a tsare ƙofa ana kama masu zuwa ba.

Malamanmu sun fi ni sanin hadisin da ke cikin Sahihul Bukhari, inda aka hukunta wani mashayi, wani ya yi masa mummunar addu'a, sai Manzon Allah (SAW) ya hana, ya ce kada su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Ina fata za ku gayyato ɗaya daga cikinsu tare da likita a shirin farko, a kuma buɗe layin saƙo wanda ba za a karanta lambar mai aikowa ba.

Naku mai sauraro a kullum,
daga Kaduna.