Wasiƙar godiya ga ma'aikatan da suka haɗa kan kwamfutocin gidanmu

Zuwa ga shugaba da dukkan ma'aikatan kamfanin gyaran kwamfuta da suka yi mana aiki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na zaɓi in rubuta wannan takarda inda kowa zai gani, domin yabon gwani ya zama dole. Na yi wa injiniyanku godiya a bakin ƙofa ranar da ya gama, amma zuciyata ba ta gamsu da wannan ba.

Kwamfuta uku ce a gidanmu. Akwai ta tebur a ɗakin karatuna, mai Windows 10, wadda a cikinta takardunmu da hotunan iyali suke. Akwai laftof na maiɗakina mai Windows 11, sai Mac ta babbar 'yarmu. A zamanin Windows 7 muna amfani da HomeGroup, kowa na buɗe foldar kowa ba wahala. Da aka cire shi daga Windows 10 a shekarar 2018, ban nemi wata hanya ba, sai muka koma yawo da filash daga wannan ɗaki zuwa wancan. Mun yi shekaru a haka har ranar da maiɗakina, wadda malamar makaranta ce, ta kwafi tsohon fayil daga filash ta danne sabo da shi. Aikin mako biyu na shirya darussa ya tafi a daƙiƙa ɗaya. Ba ta ce da ni komai ba, amma na ga idonta ya kawo ruwa. A daren na zauna na ce sai na gyara. Na buɗe folda ga kowa, na kunna wannan na kashe wancan, kwana huɗu ina fama. Duk lokacin da na nemi kwamfutar tebur daga laftof, amsa ɗaya ce: ba a sami hanyar ba, tare da lambar kuskure 0x80070035. A rana ta biyar na kira ku.

Godiyata ta farko ga baiwar Allahn da ta ɗauki waya. Na fara zuba mata labari ba kai ba gindi, ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Malam, kafin mu taɓa komai, ina so mu tabbatar kwamfutocin nan a gida ɗaya suke." Na ce ai duk a gidana suke, kuma duk suna shiga intanet. Ta ce shiga intanet daban, ganin juna daban. Ta sa na rubuta ipconfig a laftof da ta tebur na karanto mata lambar adireshin da ta fito. Laftof ya nuna 192.168.1.14, ta tebur kuma 192.168.0.101. Ta tambaya ko rauta, wato na'urar da ke raba intanet, nawa ce a gidan. Sai a lokacin na tuna da ƙaramar da na jona a ɗakin karatu don Wi-Fi ya kai lungun. A minti goma, da tambaya kawai, ta gano abin da na kwana huɗu ban gani ba.

Washegari injiniyanku ya zo a kan lokacin da aka faɗa. Ya yi mini bayani da misalin da ba zan manta ba: ƙaramar rautar ta kewaye ɗakina da katanga ta mayar da shi gida a cikin gida, tana raba nata adireshin. Wanda ke ciki yana iya leƙowa waje, amma na waje ba shi da ƙofar shiga. Kwamfutar da ke riƙe da fayilolin kuwa ita ce a ciki. Ya hana ƙaramar raba adireshi, ya sauya ramin da waya ke shiga, ta koma mai ƙara faɗin Wi-Fi kawai, babbar ta zama ita kaɗai ke ba kowa lamba. Ya kuma sa babbar ta keɓe wa kwamfutar tebur lamba ɗaya ta dindindin, don kada gobe a kashe a kunna ta tashi da wata, a koma nemanta.

Na zaci an gama. Sai ya gwada ping daga laftof, wato ya aika wa ta tebur ɗan saƙon gwaji ya ga ko za ta amsa, shiru. Bai nuna damuwa ba. Ya buɗe saitin ya nuna mini cewa kwamfutar tebur ta ɗauki sabon layin a matsayin na bainar jama'a, abin da Windows ke kira Public, irin wanda ya dace da otal ko filin jirgi, inda ake so kwamfuta ta ɓuya daga baƙin ido. Ya mayar da shi na gida, ya kunna damar ganin juna da ta raba fayil. A nan na gaya masa cewa wani ya ba ni shawarar in kashe katangar tsaron gaba ɗaya in huta. Ya ce, "A'a Malam, ba a rushe katanga don ƙofa ɗaya ta ƙi buɗuwa." Ya nuna mini cewa raba fayil a Windows ta ƙofa mai lamba 445 yake bi, kuma ita ake buɗe wa mutanen gida, a bar sauran a rufe.

Daga nan ya rubuta adireshin kwamfutar tebur kai tsaye a laftof, sai ga akwatin neman suna da kalmar sirri. Na buga lambobin PIN da nake buɗe kwamfutar da su kullum, ta ƙi. Ya ce PIN na wannan na'ura ne kaɗai, sai kana zaune a gabanta yake aiki, ba ya ƙetarawa ta layi. Maimakon ya ce in raba wa iyali kalmar sirrina, ya buɗe wa kowa asusu nasa a kwamfutar tebur. Da maiɗakina ta shiga ta ga folda amma ta kasa ajiye komai, ya bayyana mana cewa izini hawa biyu ne, na rabawa da na ita kanta foldar, kuma wanda ya fi tsauri a cikinsu shi ke cin nasara. Ya zauna da mu yana tambaya: wa zai rubuta, wa zai karanta kawai? Ita ta sami ikon rubutu a foldar darussanta. Yara suna kallon hotuna amma ba za su iya goge ko ɗaya ba. Mac kuwa ba ta ba shi wahala ba, smb:// da adireshin kawai ya sa a Finder, manhajar buɗe fayiloli ta Mac, ta shige.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya ƙi yi mini.

Ina da wani tsohon akwatin ajiya da ake jonawa a rauta, wanda ya fi shekara goma. Hotunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da muryoyinta da muka ɗauka, suna ciki. Laftof ya ƙi ko kallonsa. Injiniyan ya duba ya ce akwatin ba ya jin wani yare sai SMB1, tsohuwar hanyar raba fayil, wadda tun shekarar 2017 Microsoft ta daina saka ta kai tsaye a sababbin Windows 10. Na san ana iya kunna ta da hannu, na ga wurin, alama ɗaya ce za a danna. Na ce ya danna mini. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya fuskance ni. Ya tuna mini da WannaCry, ƙwayar cutar kwamfuta da ta ɓarke a watan Mayun 2017, ta kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa a ƙasashe sama da 150, har da asibitocin Ingila. Ya ce ta ɓarakar SMB1 ta riƙa tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Ko da an toshe waccan ɓaraka, in ji shi, tsarin ya tsufa, ba ya rufe bayanai a kan hanya yadda sababbin ke yi, kuma ba zai buɗe shi a gidan da yara ke sauke abubuwa daga intanet ba. Na matsa, domin a lokacin hotunan kawai nake gani. Ya ce, "Malam, hotunan Mama za su fito in sha Allahu, amma ba ta wannan ƙofa ba."

Danna alamar minti ɗaya ne, da ya yi ya tafi ina sa masa albarka, ban san komai ba. Sai ya zaɓi hanya mai tsawo. Ya duba ko akwai sabuwar manhaja ta akwatin, babu. Ya cire shi daga rauta, ya jona shi da waya kai tsaye a wata kwamfutar aikinsa da ba ta kan intanet, ya zauna kusan awa uku ana kwafa. Da aka gama ya ƙirga fayilolin nan da can ya ga sun yi daidai, sannan ya ce in buɗe wasu da kaina in tabbatar. Na farkon da na danna muryar mahaifiyata ce tana kiran sunan 'yarmu tun tana rarrafe. Ya miƙe ya ce zai je ya duba rautar falo, ya bar ni a ɗakin. Na san babu abin da ya rage a duba a can. Wannan kara da ya yi mini ba ta cikin takardar aikinku, kuma ita na fi tunawa.

Kafin ya tafi ya ja mini kunne a kan abu biyu. Na ɗaya, foldar da aka raba ba madadin ajiya ba ce: in an goge daga laftof an goge ke nan, kuma cutar da ta kama kwamfuta ɗaya tana iya kai hannu ga duk foldar da aka ba ta ikon rubutu. Saboda haka ya sa muka ajiye kwafi a wani faifai daban da ake cirewa a adana. Na biyu, ya sanar da ni cewa tallafin yau da kullum na Windows 10 ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025, in fara tunanin makomar kwamfutar tebur. Bai tallata mini sabuwa ba, ko da wasa. Ya bar mini takarda guda da rubutun hannunsa: a fara duba lambobin adireshi, sannan nau'in layi, sannan suna da kalmar sirri, izini a ƙarshe.

Takardar ta riga ta yi amfani. Makon jiya 'yarmu ta ce foldar ta ɓace mata. Na bi layin farko, sai na ga ta hau Wi-Fi na baƙi, wanda aka tsara shi don kada na'urori su ga juna. Ta koma na gida, folda ta dawo. Baiwar Allahn nan ta waya ma ta sake kira bayan kwana bakwai don jin ko komai lafiya, na gaya mata maiɗakina yanzu daga falo take buɗe darussanta ta gyara ta ajiye, fayil ɗaya a wuri ɗaya.

Ina roƙon shugaba ya isar da godiyata ga waɗannan mutum biyu da bakinsa, a gaban abokan aikinsu. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi, ya yi wa sana'arku albarka.

Naku mai godiya,
Wani magidanci daga cikin abokan cinikinku